Sawun da Aka Bari a Kamus

Ranar da abin ya fito fili ba a fasa ƙofa ba, ba a ɓalle kwaɗo ba, ko tsinke bai ɓata a ɗakin ƙungiyar manoma ta Yankara ba. Goggo Hajaratu ce kawai ta zo daga Tafoki karɓar takardar fadamarta, wadda ta kawo mako uku da suka wuce. Tun da mutanen daji suka fara cinna wa gidaje wuta a ƙauyuka, takardun gonaki da yawa suka ƙone, ƙungiyar ta ce kowa ya kawo tasa a ɗauki hotonta a adana a kwamfuta. Najiba, matar wani malamin makaranta, ita ke riƙe da aikin, kuma ƙa'idarta ce ba ta mayar wa mutum takardarsa sai ta karanta masa ita a gaban jama'a.

Ta buɗe akwatin ƙarfe, ta zaro takardar, ta fara karantawa. Ba ta kai layi na uku ba muryarta ta fara sanyi. Takardar cewa ta yi Malam Zailani, mijin Goggo mai rasuwa, ya sayar da fadamar ga mahaifin Alhaji Mani, maƙwabcinsu a gona, tun shekara talatin da suka shige.

Goggo ba ta iya boko ba, amma ta miƙa hannu ta karɓa, ta juya ta gaba da baya.

"Wagga ba takardata ba ce," in ji ta. "Tawa kyauta ce maigidana ya yi mani a gaban shaidu. Kuma ɓera ya ci kusurwarta guda."

Aka duba kwamfuta. Abin da ke hannun Goggo, shi ne a ciki, babu wata takardar kyauta ko alamarta. Kafin la'asar maganar ta zaga Yankara, kowa da wanda ya ɗora wa laifi. Dagaci ya sa ranar Alhamis, ya ce in ba a zo da hujja ba takarda zai bi, fadama ta koma gidan Alhaji Mani tun kafin ruwan shuka ya sauka. Goggo ta ce ita ba ta san kowa ba sai Malam Giɗe, a kira mata shi.

*

Malam Giɗe mai bin sawu ne. Shekara arba'in ya yi yana bin shanun sata daga Pauwa har cikin dazukan Sabuwa, kuma ana cewa in ya duba sawun saniya zai gaya maka ko tana da ciki. Amma tun da ɓarayi suka koma zuwa da babura da bindigogi da rana tsaka, babu mai neman a nuna masa inda aka bi da shanunsa, kowa ya sani, zuwan ne ba a iyawa. Sai Malam Giɗe ya zauna a ƙofar gida yana kitsa igiya yana kushe zamani. Boko bai iya ba, waya kuwa sai an danna masa. Shi aka kira ya bi sawun takarda a cikin kwamfuta, kuma ba wanda ya fi shi ganin abin dariya a lamarin. Ya amsa ne don Malam Zailani abokinsa ne tun samartaka, kuma ganin tsohuwar tsaye da takardar ƙarya a hannu ya ƙona masa rai.

Da Najiba ya fara. Ya tarar da ita idanu jawur, don a kasuwa an riga an gama yanke cewa an sayi hannunta.

"Su wa ke iya taɓa wanga inji?" ya tambaye ta.

"Ni ce, Baba, sai Muttaka sakataren ƙungiya. Sai kuma Yahuza ɗan Goggo, shi ya haɗa mana shi, shi ke zuwa daga Ƙanƙara in ya samu matsala."

"Kin karanta takardar Goggo ranar da ta kawo ta?"

"Na karanta. Kyauta ce, wallahi. Amma wa zai yarda da ni? Mabuɗin akwatin yana hannuna."

Malam Giɗe bai ce ya yarda ba, bai ce bai yarda ba. Ya dube ta har ta sunkuyar da kai, ya ɗauki sandarsa ya fita.

*

A kasuwar hatsi ta Sabuwa ya sami Alhaji Mani, zaune kan buhun masara yana gyara zaman babbar riga. Gonarsa ce ke maƙwabtaka da fadamar, kuma kowa ya san ya daɗe yana haɗiyar yawu a kanta.

"Ni ban san da wata takarda ba sai da na ji a bakin mutane," in ji shi. "Amma, Malam, in takarda ta ce tawa ce, mi za ni ce? In ce ba ni so?"

"Mahaifinka ya taɓa gaya maka ya sayi fadamar?"

Alhaji ya sosa gemu. "Bai taɓa ba. Amma tsoho ne mai zurfin ciki."

"Ashe. Mutumin da in ya sayi akuya sai duk Tafoki ta ji, shi ne zai sayi fadama ya bar wani yana nomanta shekara talatin?"

Alhaji Mani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya kira mai shayi. Malam Giɗe ya sha shayin yana nazarinsa. Kwaɗayi kam akwai shi tuli a fuskar, amma tsoron da yake nema bai gan shi ba.

Muttaka kuwa tun kafin a tambaye shi ya fara gumi. Ɗiyar Alhaji Mani yake aure, kuma mabuɗi na biyu, na ɗaki da na akwati, a wurinsa yake, rataye a ƙusa cikin shagonsa na maganin ƙwari.

"Ranar kasuwa shagon nan cika yake yi, Baba, ba ni iya tsare ƙusa. Wanda duk ke da aiki a ɗakin ɗauka yake ya tahi. Har ɗan Goggon ma ya karɓa sau biyu a watan nan don gyaran batir. Ko shi ma tuhumarshi za ka yi?" Ya yi dariya, ya share goshi da hula. "Don dai ina auren ɗiyar Alhaji ne aka sa mani ido, na sani."

Malam Giɗe ya fita yana jin kamar ya kusa kama bakin zaren. Suruki da mabuɗi da gumi, me kuma ake nema? Sai dai ya daɗe da sanin cewa sawun da ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar hanya shi ya fi yawan ɓatar da mutum.

*

Washegari ya hau mota zuwa Ƙanƙara. Shagon Yahuza na kusa da tasha, cike da wayoyi da kwamfutocin da aka farke wa ciki. Yahuza ya tashi da sauri ya ba shi kujera, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana yaro.

"Baba, Muttaka ne. Ba sai ka wahalar da kanka ba. Shi da surukinshi suka ƙulla."

"Ka duba injin? Ba a iya dawo da abin da aka goge?"

"Na duba. Wanda ya yi aikin ya san hannunshi, bai bar komi ba." Ya yi ajiyar zuciya. "Ni abin da ke damuna Goggo ce. Ita kaɗai a ƙauye, ga halin da ake ciki. Na gyara mata ɗaki a nan tun bara, ta ƙi. In fadamar ta tahi ma, Allah shi sa haka ne mafi alheri."

Malam Giɗe ya ji tausayinsa. Ɗa ne da ke kwana da fargabar uwarsa, irinsu kuwa sun cika Ƙanƙara. Ya sa masa albarka ya kamo hanya.

*

Ranar Talata ya koma wurin Najiba hannu biyu babu komai. Ya zauna a kan benci ya ce ta yi aikinta kamar ba ya nan, shi dai yana son ya ga yadda dabbar take tafiya.

Ta ɗora wata tsohuwar takarda a kan injin, haske ya wuce ta ƙarƙashinta, rubutu ya bayyana a fuskar kwamfuta. Wurare biyu an ja musu jan layi.

"Wancan jan mi ne ne?"

"Injin hoto kawai yake ɗauka, Baba. Manhajar da ke ciki ita ke karanta hoton ta mai da shi rubutu, don in an nemi sunan gona a same shi nan take. Amma baƙuwa ce, ba ta san sunayenmu ba. In ta gamu da sunan mutum ko na rafi da ba ta sani ba, sai ta rikita shi ta ja masa layi. To akwai kamus a cikinta, sai in shigar mata da sunan, daga ranar ta san shi ke nan."

"Kuma in an goge takardar, sunan ya bi ta?"

Najiba ta tsaya da hannunta a sama. "A'a. Kamus daban yake. Abin da ya shiga yana nan."

"A jere suke, ko a warwatse?"

"A jere. Kowane yana zama ƙarƙashin wanda ya riga shi shiga."

Malam Giɗe ya jawo bencin kusa. Karo na farko tun da aka kira shi, ya ji ƙafarsa ta taka ƙasar da ya sani. "Watau garke ne ya bi ta laka. Buɗe mani, ki karanta a hankali."

Ashe Najiba tana da wata ƙa'idar kuma. Ba ta shigar da suna sai wani dattijo daga garin ya tabbatar mata haka yake, sannan ta rubuta shi a littafinta da rana da sunan dattijon. Ta buɗe littafin a cinya, kamus a gabanta, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. A ranar da Goggo ta zo, sunaye uku suka shiga: Zailani, Tanimu, Shekarau. Ta nemi Tanimu da Shekarau a duk takardun da ke cikin kwamfutar, babu su ko a guda.

"Shaidun Goggo ne," in ji Malam Giɗe. "Ni na san su, duk sun riga mu gidan gaskiya. An kore saniyar, an manta da sawunta. Ci gaba."

Sunaye kaɗai ba za su ƙwato fadama a gaban dagaci ba, ya san da haka. Najiba ta wuce sunayen mutanen Pauwa, kamus da littafi suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Sai ta tsaya.

"Wannan ba ni na sa shi ba. Babu shi a littafina."

"Karanta."

"Nomau."

Yana zaune ne tsakanin sunan ƙarshe na mutanen Pauwa da na farkon mutanen Sabuwa, wato a makon da ya biyo bayan zuwan Goggo. Ta neme shi a takardu, har da ta ƙaryar, babu shi. Wani ya ɗora wata takarda mai wannan suna a kan injin, manhaja ta yi tuntuɓe, ya koya mata shi, daga baya ya janye takardar ya kawo wata. Malam Giɗe ya yi ta juya sunan a bakinsa. Laƙabi ne da ake yi wa ƙaƙƙarfan manomi, amma a duk ƙasar Tafoki bai san wanda ake kira da shi ba.

*

Ranar Laraba da hantsi ya je Tafoki ya ce Goggo ta zaga da shi iyakokin fadamar. Tana gaba da sandarta yana biye, ƙasa baƙa mai laushi tana nutsa ƙafa. Ta nuna masa giginya ta gabas, ta nuna kwarin da ya raba ta da Alhaji Mani. Da suka iso tsohuwar rijiyar da mijinta ya haƙa, wadda duk gari ke kira rijiyar Zailani, sai ta dafa bakinta.

"Daga nan rijiyar Nomau kuma sai ka miƙe yamma."

Malam Giɗe ya tsaya cak. Ya yi kamar ƙaya ce ta soke shi, ya sunkuya yana duba tafin ƙafa.

"Rijiyar wa kika ce?"

Goggo ta yi ɗan murmushin kunya, tsohuwa da jikoki. "Kai ma dai, Malam. Ina zan kama sunan maigida? Tun ina amarya nake ce mishi haka a cikin gida. A waje in ce Malam."

"Wa ye kuma ke kiran rijiyar da wanga suna?"

"Wa zai kira? Ni ce, sai abin da na haifa. Su da shi suka buɗe baki. Yaron nan sai da ya shiga makaranta ya san tana da wani suna."

'Ya'yanta biyu ne a raye. Macen tana aure a Sabuwa, ba ta taɓa zama a aji ba. Malam Giɗe ya daɗe yana kallon cikin rijiyar. Ya sha bin sawu ya kai shi gidan da bai so ba, amma bai taɓa jin nauyin ƙafafunsa kamar na wannan rana ba.

*

Ranar Alhamis aka taru a ɗakin ƙungiya. Dagaci na kan kujera, Alhaji Mani na gefe da carbi, Muttaka na tsaye kusa da ƙofa kamar mai shirin gudu. Najiba na gaban kwamfutarta. Yahuza ya zauna a ƙasa kusa da uwarsa. Jama'a sun toshe taga.

Malam Giɗe ya sa Najiba ta bayyana yadda kamus yake, ta karanta sunayen shaidun da suka rage ba takarda. Aka fara gunaguni, idanu suka koma kan Muttaka.

"Ku dakata," in ji Malam Giɗe. "Wanda ya yi aikin nan sau biyu ya zo. Zuwan farko ya ɗora takardar da ya buga, injin ya tsaya a kan wani suna, shi kuma hannunshi ya saba, bai iya ganin jan layi ya ƙyale. Ya shigar da sunan. Sai daga baya ya lura ba haka mutane ke kiran wurin ba. Ya goge, ya tahi ya sake bugo wata, ya dawo. Komi ya share, ban da kamus. Najiba, faɗi sunan."

"Nomau."

Alhaji Mani ya dubi dagaci, dagaci ya dubi Muttaka, Muttaka ya buɗe hannuwa. Babu wanda ya san shi. Goggo Hajaratu ce kaɗai ta ɗago kai a hankali, kamar an kira ta daga nesa. Ba ta dubi Malam Giɗe ba. Ta juya ta dubi ɗanta.

Yahuza bai yi gardama ba. Ya sa fuskarsa a tafin hannu.

"Goggo, sau nawa na roƙe ki? Duk sanda waya ta yi ƙara sai in ce labarinki ne. Kin ce muddin fadamar nan taki ce ba ki barin Tafoki. Na ce to, in ta bar hannunki za ki zo. Ba don in ci komi ba ne, Allah shina gani."

"Kuma ka bar ɗiyar mutane da wancan bawan Allah ana zaginsu a kasuwa," in ji dagaci. "Ina takardar?"

Yahuza ya sa hannu a aljihun ciki ya zaro ta, naɗe a leda. Ya kasa ƙona ta, ya kasa ajiye ta a gida, da ita yake yawo tun ranar. Najiba ta karanta ta da ƙarfi daga farko har ƙarshe, dagaci ya ce fadama ta Goggo ce, magana ta ƙare. Alhaji Mani ya ce shi daman bai sa rai ba, aka ƙyale shi da faɗarsa. Sannan dagaci ya tambayi Goggo me take so a yi da yaron.

"Ya nemi gafarar Najiba da Muttaka. Ni ba ni da ƙara."

Ta karɓi takardarta ta ƙulle a bakin zane. Yahuza ya matso zai kama ta ta miƙe, ta janye hannunta, ta dafa bango ta tashi da kanta.

"Ba ka taɓa tambayata abin da ya sa na kawo ta nan ba," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Shekara talatin tana ƙarƙashin gadona ban ba kowa ya riƙe ba. Na kawo ta ne don in an adana ta hankalina ya kwanta, in ba ka fadamar ka sa a noma maka, in an gama kaka in bi ka Ƙanƙara. Har na fara ɗaure kwanonina."

Yahuza ya sunkuyar da kai.

"Yanzu kuma ban san gidan wa za ni ba," in ji Goggo.

Ta gyara mayafinta ta nufi ƙofa, jama'a suka dare suka ba ta hanya. Malam Giɗe ya ɗauki sandarsa ya bi bayanta har tasha, ya tsayar mata da motar Tafoki.